Mazan da Na Zana a Bangon Ya Falmata

Kun zo mini da gwangwanayen feshi cikin leda, kun nuna mini hotunan bangayen manyan birane a salula, kun ce ƙungiyarku za ta tada mutanen Diffa daga barci da zane. Madalla. Har kun yi mini bayani cewa aikin ba wuya, a girgiza gwangwani ne a fesa, jama'a su gani su farka su ruga taron unguwa. To ku matso inuwa, amma ku bar bencin can, fentinsa bai bushe ba. Ni Ari, tun kafin a haife ku nake shafa wa garin nan launi, kuma waɗanda suka fi tsayawa gaban zanena awaki ne, su ma don su sosa jiki.

Aikin farko da aka bari na taɓa harafi ɗaya ne, S, a Damagaram, a rumfar maigidana Isuhu. Babana manomin tattasai ne a bakin Komadugu. Da ya gaji da wanke gawayina daga jikin rumbu, sai ya haɗa ni da wani direba ya ce a kai ni inda ake biyan mutum don ya ɓata bango. Na daɗe a rumfar ba abin da nake yi sai wanke burushi da kananzir, da kankare tsohon fenti daga allunan kwano, da riƙe tsani. Ranar da wani mai aski ya kawo allo, Isuhu ya miƙo mini burushi ya ce in fara. Na zana S ɗina na ja baya. Ya dube shi da kyau, ya tambaye ni ko mai allon maganin saran maciji yake sayarwa, don abin da ya gani maciji ne da mota ta taka. Na goge, na sake, na goge, har mai askin ya dawo karɓar kayansa. Nan Isuhu ya karɓi burushin ya ja harafin da jan hannu guda, fuskarsa na kallon mai askin suna hirar tsadar gero.

Wajensa na koyi cewa kafin ka san fenti sai ka san bango. Bangon laka shan fenti yake kamar raƙumin da ya fito daga Sahara, sai ka fara ba shi farar ƙasa ya ƙoshi. Siminti sabo kuwa, musamman nan wajenmu da ƙasa ke da kanwa, in ka yi gaggawa zai tofo maka fentin ya bare kamar fatar albasa. Layi madaidaici da zare ake fid da shi, a tsoma cikin bula, a ja, a sake shi ya mari bango. Gwangwanin madara shi ne wurin haɗa launi. In harafi ɗaya za a maimaita da yawa, tsohuwar takardar hoton ƙashi ta likita ake yankawa a ɗora a shafa. Ja kuma shi rana ke fara ci. Na ga a salularku kun shirya rubuta "Mu tashi tsaye" da ja, sunan ƙungiyarku da baƙi. Bayan zafi ɗaya sunan ƙungiyar ne kawai zai rage. Ko da yake wataƙila haka kuka tsara.

Da na dawo Diffa na kafa rumfata, kamiyon Alhaji Kiari, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, shi ne babban aikina na farko. Shi ke kai busasshen tattasai Najeriya, kuma yana son zaki a ƙofar baya don direbobin da ya wuce su san wanda ya wuce su. Na zana masa zaki lafiyayye. Ya tafi ya dawo ya ce zakin nan kamar mai azumi, in ƙara masa haƙora. Na ƙara. Ya ce in ƙara. Da muka gama babu wurin harshe a bakin dabbar. Alhaji mutum ne da bai taɓa cewa abu ya yi ba, iyakarsa ya ɗauki abinsa ya tafi.

Sauran masu kawo aiki ma haka suke. Mahauci na son ragon da ya fi duk wanda ya taɓa yankawa ƙiba. Mai kemis na son in zana mutum kafin ya sha magani da bayan ya sha, na farkon kamar gawa, na biyun kamar ɗan kokowa. Ƴan siyasa kuwa bango ɗaya suke so, wanda ke kusa da tasha. Duk zaɓe sai in rufe launin wancan da na wannan, alkawarin dai shi ne, ban ma yar da takardar haruffan ba. Yau in kun je kun ƙwanƙwasa bangon za ku ji fentin ne ke riƙe da bulo.

Shekarar da aka hana hawan moto, wato babur, aka tsayar da cinikin tattasai saboda rashin tsaro, burushina sun bushe cikin gwangwani. Mai zanen allo daga cinikin wasu yake ci. Babu kabu-kabu balle a rubuta masa kirari a bayan moto. Kamiyoyi suka tsaya a gefen hanya, zakin Alhaji na hangame baki ga kaji. Wanda ya rufe shago ba ya neman allo. Na je har Maine-Soroa neman aiki, abin da na samu ƙofar wani mai dabino ce, launi ɗaya, kore. Daga nan na koma shafa wa gidajen sojoji da ma'aikatan da aka turo daga yamma farar ƙasa, aikin da Isuhu yake cewa ko tunkiya aka ɗaura wa tsintsiya a wutsiya za ta iya.

Ƴan proje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, su ne suka dawo da ni kan tsani. Sun zo da fararen motoci da kalma ɗaya, wayar da kai. Ban san adadin hannuwan da na zana suna wanke juna da sabulu ba. Na zana gidan sauro, na zana yarinya da jakar lakkal za ta karatun boko, na zana mutane sun yi da'ira kowa ya ɗaga hannu yana ba da shawara, abin da ban taɓa gani da idona ba a unguwarmu. A Yebi, inda ƴan gudun hijira suke, an kai ni in zana famfo yana zubar da ruwa da uwa tana wanke wa ɗanta hannu. Ina cikin aiki mata suka taru a bayana, na ce yau kam kai ya waye. Sai wata tsohuwa ta tambaye ni da Barbarci ko wannan hoton na nufin nan za a kafa famfon, don ta ajiye jarkarta a layi. Na ce mata ni fenti kawai aka ba ni. Ta ce to Allah ya ba da lada, ta ɗauki jarkarta, sauran suka bi ta.

Abin da na fahimta daga shekarun nan shi ne, mutumin da nake zanawa a bango ba ɗan unguwar kowa ba ne. Fuskarsa sumul, rigarsa ba ƙura, murmushi kullum. Kowa ya wuce zai ce da wani ake.

Yanzu ga bangon da kuka ji labarinsa, wanda ya kawo ku nan. Kun san ruwan da ke cin mu ba daga samanmu yake saukowa ba. Damina za ta wuce, sama ta yi fes, sannan Komadugu ta fara kumbura da ruwan da ya sauka can nesa. A bayan unguwarmu akwai dig, tudun ƙasar da aka yi don tare ta, kuma a shekarar da nake ba ku labari ya zaizaye a wuri guda, inda shanu ke hawa da sauka. Kowa ya sani. A fadar da muke shan shayi ƙarƙashin dogon yaro ba a da wata hira sai ita. Wani ya ce aikin magajin gari ne. Wani ya ce ƴan proje sun zo sun ɗauki hoto, to suna tafe. Alhaji Kiari, wanda ya bar tuƙi ya zama shugaban benci, ya ce shi ya ga ruwan da ya fi wannan tun muna rarrafe. Mele mai dafa mana shayi ya ce abin da Allah ya rubuta buhu ba ya gogewa. Ni ma ina nan, ina gyaɗa kai, ina miƙa kofi.

Daura da fadar akwai sito na Ya Falmata, dattijuwa mai cinikin busasshen tattasai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida a wuri mafi kwari a unguwar. Ta je wajen Bulama mai unguwarmu, ya kira taro, mutanen da suka zo ba su cika tabarma ba. Sai ta fid da tsofaffin buhunanta, ita da matan layinsu suka fara ɗibar yashi da kwanoni suna kaiwa dig. Ta gabanmu suke wucewa. Mu kuma ba mu yi rowar shawara ba, muna gaya musu cewa ba haka ake ɗaure bakin buhu ba.

Wata safiya ta zo rumfata, zanenta duk yashi. Ba ta zauna ba.

"Ari, bangon sitona yana nan fari. Ka zana mini mazan nan."

"Yaya zan zana su, Ya?"

"Yadda suke. Ka ƙara ruwa kawai."

Na tuna mata cewa ni ma a fadar nake shan shayi. Ta ce ai bencin na da tsawo, in sa kaina a ƙarshe.

Da rana tsaka na yi aikin, a gabansu. Na fara da ruwa, launin ƙasa-ƙasa irin na Komadugu in ta cika, da ledoji da takalmi ɗaya na yawo a kai. Suka ɗauka aikin proje ne, har Mele ya aiko mini da shayi kan tsani. Na zana dogon yaro, suka ce ya yi kyau. Na zana mutane jere, ruwa ya kai musu ƙirji, kowa ya ɗaga kofinsa sama kada ya jiƙe. Alhaji ya ce waɗannan wawaye ne, wane gari ne haka. Ban zana fuska ko ɗaya ba, kai kawai, ba ido ba hanci, don na san Goni limaminmu ba ya son hoton fuska kusa da hanyar masallaci. Amma mutum ba sai da fuska ake gane shi ba. Isuhu ya koya mini kallon kafaɗa da wuya da yadda mutum ke ɗora hula. A ranar ƙarshe na sa hulunan. Na tura ta Alhaji can ƙeya yadda yake yi, na manna masa rediyo a kunne. Na ba Mele butarsa a bisa kai da maficinsa a hannu. Na sa wa wani asuwakinsa, wani carbinsa mai tsawo, ni kuma hular da fenti ya ɓata.

Wata mata ce mai ɗauke da kwanon yashi ta fara tsayawa. Ta dubi bango, ta juya ta dubi benci, ta sake duban bango. Sai ta sauke kwanon a hankali don kada ya zube, ta zauna a ƙasa tana dariya. Kafin la'asar matan unguwa uku sun zo kallo, kowace tana nuna wa ƴar'uwarta mijinta.

Washegari aka kai ni ƙara wajen Bulama. Zauren ya cika har waje, irin cikar da taron dig bai samu ba. Alhaji Kiari ne ya yi magana da yawun sauran. Ya ce an ci mutuncinsa a gaban ƴaƴansa da surukansa, an zana shi kamar wanda ba ya tsinana komai. Bulama tsoho ne mai magana a hankali. Ya ce shi ya je ya duba bangon, bai ga fuskar kowa ba, bai ga suna ba.

"Alhaji, wa ya ce kai ne?"

"Ranka ya daɗe, ni ne mana. Duk unguwa wa ke zama haka?"

Ba wanda ya yi dariya a zauren, amma a waje an yi. Aka juya ga Goni ko zai ce haramun ne. Ya ce abin da ba shi da fuska shi ba shi da magana a kai, sai dai yana godiya ga Allah da bai cika zama a fadar ba. Duk da haka Bulama ya ce zaman lafiya ya fi, a shafe zanen. Ni na riga na ce to, don ina da sauran shekarun da zan yi a unguwar. Ya Falmata ce ta yi magana daga bakin ƙofa. Ta ce bangon nata ne, mijinta ya gina shi, kuma ba ta ƙi a shafe ba, amma ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya je dig ya yi aikin yini, Ari zai cire shi. Wanda bai je ba ya ci gaba da shan shayinsa, ruwan ma ga shi kusa, ba sai an je ɗiba ba. Bulama ya ce shi dai ba ya da iko da bangon marayu.

Kada ku ɗauka kowa ya ruga. An yi kwanaki ana fushi, ba mai amsa sallamata, fadar ma ta koma bayan masallaci inda ba a hango bangon. Wani ya watsa wa zanen taɓo, Ya Falmata ta sa aka wanke. Amma a gida ba a bar su sun huta ba, ƴaƴa na dawowa daga lakkal suna cewa an ce babansu ne na uku daga hagu. Mele ne ya fara zuwa dig, ya ce shi shayi kawai zai kai wa mata, aka miƙa masa shebur. Da yamma ya zo da kansa ya tsaya a kaina in cire shi. Na ɗauko launin ruwa zan rufe wurin, ya riƙe mini hannu ya ce in na rufe shi da ruwa ai ya nutse ke nan, matarsa za ta gani. Sai na zana buhunan yashi a inda yake zaune. Haka muka ci gaba, mutum ya tafi, buhu ya zauna. Ni ma sai da na ɗauki nawa, Ya Falmata ta ce burushi ba shebur ba ne, kuma ba ta yarda na cire kaina ba sai da ta ga bayana ya sankare. Da aka ga maza sun fito, matasa suka fito, masu amalanke suka kawo shanunsu, har daga ofishin magajin gari aka turo mota da buhuna, tare da mai ɗaukar hoto.

Ruwa ya zo. Ya hau har ya kusa leɓen buhunan, ya tsatso ta ƙasa, gidaje kaɗan na gefe suka zube, amma bai shiga unguwar ba. Gonakin bakin kogi kuwa ya shanye su duka, har da ta Ya Falmata da ta ƙanena, tattasai ya fara ja ke nan. Wannan ba wanda ya zo ɗaukar hotonsa. Bango aka zo ɗauka. Wani baƙo daga Yamai ya tsaya gabansa ya yi mini dogon bayani cewa wannan shi ne zanen zamani mai sa jama'a su ɗauki nauyin garinsu. Na gode masa, don da ban sani ba.

Na ma yarda da maganarsa har na gwada dabarar a wata unguwa inda shara ta toshe lambatu. Na zana mazan wurin zaune cikin shara, hula da kafaɗa duk daidai, ya fi na farko kyau nesa. Kafin fentin ya bushe mai bangon ya shafe shi da farar ƙasa, ya ba su haƙuri, sharar na nan har yau. Don haka kafin ku girgiza gwangwani ku nemo mai bangon da za a yi wa fushi ta ci gaba da tankaɗen tattasanta. Ni ban san inda ake sayar da irinta ba.

Saura Alhaji Kiari. Shi bai je ba. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a kora aiki da hoto. Duk aka cire kowa, ya rage shi kaɗai a bangon, buhuna dama da hagu, rediyo a kunne. Ya dawo da kujerarsa ƙarƙashin dogon yaro ya zauna yana fuskantar kansa, don a san bai damu ba. Ranar da ruwa ya fi hawa, yashin kusa ya ƙare, amalanke ba sa isa, sai muka ji ƙarar da muka daɗe ba mu ji ba. Tsohon kamiyonsa ne, yana hayaƙi, cike da yashi, shi da kansa a sitiyari. Ya yi ta kai da kawowa har rana ta faɗi, bai kalli kowa ba, wanda ya yi masa sannu ma bai amsa ba.

Da safe na ɗauki gwangwani da burushi na nufi bangon. Yana zaune a kujerarsa. Na kafa tsani ke nan ya kira sunana, karo na farko tun ranar ƙara.

"Ari, me za ka yi?"

"Zan cire ka, Alhaji. Ka yi aikinka, har ka fi kowa."

"Sauko. In ka cire ni za a ce don zanenka na fito. Ni ruwa na gani a bayan gidana."

Na sauko. Ya Falmata na bakin sito tana jinmu, ta ce a bar masa abinsa tunda yana so. Na naɗe tsanina zan tafi, ya sake kirana, bai dube ni ba, idonsa na kan bangon. Ya ce hular ta yi baya da yawa, shi ba haka yake sa ta ba, in gyara.